Ƙwallon Mangwaro da Makomar Irin da Ke Rumbunmu

'Yan uwa mazauna Guéné da Malanville da ƙauyukan kewaye, da waɗanda neman abinci ya kai Kandi, Paraku da Kwatano.

Bayan girbin masarar bana aka kawo wata ƙara zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu. Maƙwabta biyu ne, gonakinsu iyaka ɗaya, 'ya'yansu makarantar allo ɗaya. Bara na farkon ya sayi irin masara a shago, irin nan na cikin leda mai jan magani, wanda masu shago ke kira ibirid. Ya yi masa kyau ƙwarai, kara tsayi ɗaya, goyo cike har baki. Na biyun ya gani ya yaba, ya nemi a auna masa tiya biyu daga abin da aka girbe domin ya shuka. Aka auna masa, ya biya. Da damina ta kankama sai gonarsa ta fito kamar taron kasuwa: wannan dogo, wancan gajere, wani ya yi goyo, wani sai ganye.

Mai ƙara ya ce: "Ranka ya daɗe, cuɗa mini ya yi da tsohuwar masara." Wanda ake ƙara ya ce: "Baba, daga buhun da iyalina ke ci na auna masa, a gaban idonsa." Dattijo ya aika aka kira malamin gona, ya saurari bayaninsa, sannan ya ce babu maƙaryaci a cikinsu. Ya umarci mai sayarwa ya mayar da kuɗin tiya biyu, ya kuma roƙe shi ya taimaka wa ɗan uwansa da buhu guda, don zumunci ba don tara ba. Suka yi musafaha. Mu kuwa da muka rufe littafi, abin bai bar zuciyarmu ba, domin asarar damina guda ba a mayar da ita da musafaha.

Ga abin da ya faru a gonar. Irin haɗi, wato ibirid, ana samunsa ne idan aka ɗauki tsatso biyu na masara da aka daɗe ana tacewa, aka barbara ɗaya da bununin ɗaya. 'Ya'yan farko sukan fito da ƙarfi, kamanninsu ɗaya. Amma idan su kuma suka haifi nasu, halayen kakanni sai su rarrabu, kowane jika ya ɗauki nasa rabon. Wani limamin coci mai suna Gregor Mendel ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1865, bayan ya shafe shekaru yana gwaji da wani nau'in wake a lambunsa a garin Brno. Shi ya sa mai noma da irin haɗi dole ya koma shago kowace shekara. Mu da muka tashi da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga shi mun ga wurin da karin maganar ya gaza.

To, shin akwai hanyar da shuka za ta haifi ɗa ta cikin iri, ya fito kamarta sak, ba ragi ba ƙari? Akwai, kuma shaidar tana tsakar gidajenmu.

Duk wanda ya taɓa binne ƙwallon mangwaron gargajiya, mai zare ɗin nan da yara ke tsotsa, ya san sau da yawa ba tsiro ɗaya ke fitowa ba. Uku ne, huɗu ne, wani lokaci fiye, duk daga ƙwallo guda. A cikinsu ɗaya ne kawai ɗan barbara, mai uwa da uba. Sauran sun taso ne daga tsokar jikin uwar, wadda ke kewaye da mahaifar irin. Ƙwayoyin halitta ne na jiki, waɗanda ba aikinsu ba ne haihuwa, suka juye suka zama 'yan tayi. Ba su da uba, don haka bishiyar da za su zama ita ce uwar da kanta, da ɗanɗanonta da ƙamshinta da lokacin nunarta. Shi ya sa mangwaron gargajiya bai canja ba daga zamanin kakanni. Shi ya sa kuma nau'i irin su Kent, waɗanda ƙwallonsu ɗan tayi ɗaya yake ɗauke da shi, sai an yi musu aure a kan gindin na gargajiya kafin a samu abin da ake so. Lemu ma haka yake: a fasa ƙwayarsa a duba, sau da yawa za a tarar da 'yan tayi a cunkushe.

Masana sun daɗe suna bin wannan sawu. A 1902 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Gottlieb Haberlandt, ya ce kowace ƙwayar halitta mai rai a jikin shuka tana iya zama cikakkiyar shuka. Ya gwada, bai yi nasara ba. Sai a 1958 Frederick Steward a Jami'ar Cornell ta Amurka da Jakob Reinert a Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka nuna haka da karas. Steward ya yanki ɗan ƙanƙanin naman karas ya sa a kwalba, cikin ruwan abinci da aka haɗa da ruwan kwakwa. Ƙwayoyin suka rarrabu, suka yi 'yan tayi irin na cikin iri, suka yi saiwa da ganye, har suka zama karas mai fure. Wani abin lura: sinadarin da aka fi amfani da shi wajen tayar da wannan juyi a kwalba shi ne 2,4-D, wanda manoman shinkafa ke fesawa don kashe ciyawa mai faɗin ganye. Da yawa yana kisa, ɗan kaɗan kuwa yana sa ƙwaya ta manta aikinta ta koma farkon halitta.

Me ke hana kowane ganye a jeji zama jariri, kuma me ke buɗe ƙofar idan ta buɗu? A nan ne maganar gado ta shigo. Mu da muka yi karatun allo za mu fi gane ta da misalin littafi. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da littafin shukar cikakke, daga bango zuwa bango. Ƙwayar saiwa tana da shi, ta ganye tana da shi. Bambancinsu kawai shi ne babin da kowace ke karantawa. Babin yin ɗan tayi yana nan a cikin kowace, amma an rufe shi an sa hatimi da zarar iri ya tsiro. Layukan wannan littafi su ne masana ke kira ƙwayoyin gado. Mu kira su umarnin gado, don kada su rikice mana da ƙwayar halitta.

A cikin shekaru talatin da suka wuce an gano umarnan da ke riƙe da mabuɗin wannan babi. A 1998 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa umarnin da suka kira LEC1, idan aka hana shi yin shiru bayan tsiro, sai abubuwa masu kama da 'yan tayi su fito a jikin ganye. A 2002 masana a Wageningen ta ƙasar Holan suka samu wani, wanda da aka tayar da shi sai 'yan tayi suka yi ta tsirowa a jikin ƙaramar shuka, ba tare da an sa wani sinadari ba. Suka raɗa masa suna BABY BOOM, ma'ana ambaliyar jarirai. A shekarar dai aka nuna cewa wani mai suna WUSCHEL ma yana yin haka. Aka kuma gano waɗanda aikinsu shi ne gadin ƙofar, su danne waɗancan don kada shuka ta yi ta haihuwa a inda bai kamata ba. A 2017 masana a Jami'ar Noma ta Huazhong a ƙasar Sin suka gano umarnin da ke sa lemu yin 'yan tayi daga jikin uwa, bayan 'yan shekaru kuma aka samu takwaransa a mangwaro. Abin da yaranmu ke gani a bola bayan ruwan farko, yanzu an san layin da ya rubuta shi.

Sai mu dawo kan masarar maƙwabtan nan. Idan hatsi zai koyi halin mangwaro, to irin haɗi zai haifi kansa, manomi ya saya sau ɗaya ya yi ta ajiyewa. Wannan shi ne abin da ake nema yanzu. A ƙarshen 2018 Imtiyaz Khanday da Venkatesan Sundaresan da abokan aikinsu a Davis suka sanar da cewa a shinkafa, umarnin da ke cewa ɗan tayi ya fara girma yana zuwa ne daga ɓangaren uba. Suka tayar da shi a cikin ƙwan uwa ba tare da jiran uba ba, suka kuma kashe umarni uku da ke raba gado biyu, sai shinkafa ta ba da iri wanda yake uwar ce sak. Da farko ƙasa da kashi 30 cikin 100 na irin ne ke fitowa haka. A 2022, tare da masanan cibiyar CIRAD ta Faransa, aka kai kusan kashi 95 a shinkafar haɗi, kuma halin ya dore zuriya bayan zuriya. Mai noma a fadamar Malanville ya san abin da wannan ke nufi ga aljihunsa.

Ba shinkafa kaɗai ba. Akwai wata ciyawar daji a gabashin Afirka, 'yar uwar geronmu, wadda tun asali take haifar kanta ta iri. A 2015 Peggy Ozias-Akins da abokan aikinta a Jami'ar Jojiya ta Amurka suka ciro umarninta, ɗan dangin BABY BOOM ne, suka sa a gero, ƙwan gero ya yi ɗan tayi ba barbara. Akwai kuma shirin Hy-Gain, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Queensland ta Ostareliya da kuɗin Gidauniyar Gates, wanda manufarsa ita ce dawa da wake na haɗi masu haifar kansu, domin ƙananan manoman Afirka. Gero, dawa, wake: tuwonmu da furarmu da ƙosanmu ke nan ake magana a kai, a ɗakunan da ba mu taɓa shiga ba. Har yanzu abin yana hannun masu bincike, bai iso shagon iri ba. Saboda haka ne ma muke ganin yanzu ya kamata a yi maganar, tun ba a kawo mana shi a leda ba.

Mun san abin da wasunmu za su ce, mun kuma ji shi a zaure: wannan shisshigi ne cikin halittar Ubangiji. Ba mu da hurumin fatawa, wannan na malamanmu ne. Abin da muke roƙo shi ne a rarrabe abubuwa biyu kafin a yi hukunci. Na farko shi ne rainon ƙwayar shuka a kwalba har ta zama shuka, ba tare da an taɓa littafinta ba. Wannan ɗan uwan dasa karan rogo ne da yankan doya, sai dai da ƙanƙanin yanki. Da shi ake yawaita dabino mai kyau a ƙasashen Larabawa da Maroko, domin wanda ya shuka ƙwallon dabino sai ya jira shekaru kafin ya san namiji ne ko mace, kusan rabi kuma maza ne da ba sa 'ya'ya. Na biyu shi ne taɓa littafin da kansa, a kashe layi ko a shigo da wani daga waje. Wannan ne ke bukatar dogon nazari. Kuma ɗaliban hadisi sun san ƙissar barbarar dabino a Madina da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka bar wa manoma sanin sana'arsu. Masana ba su halicci komai ba a nan. Sun tarar da ƙofa ce a jikin mangwaro, suka nemi mabuɗinta.

Tsoronmu yana wani wuri dabam, kuma yana da hujjoji.

Hujja ta farko, kwalba ma tana kuskure. A shekarun 1980 aka dasa kwakwar manja da aka raina ta wannan hanya a Malesiya, ana sa ran kowace bishiya za ta yi kamar uwarta mai yawan mai. Da suka isa haihuwa sai wasu da dama suka ba da 'ya'ya naƙasassu marasa mai. Ba a gane musabbabin ba sai a 2015: haruffan littafin ba su canja ba, hatimin da ke kan wani wuri ne ya faɗi lokacin rainon. Mai gona ba ya sanin haka sai bayan ya yi shekaru yana wahala.

Hujja ta biyu, gonar da duk shukarta abu ɗaya ce, cuta ɗaya ke gamawa da ita. Ayabar Gros Michel, wadda ita ce ta cika kasuwannin Turai da Amurka, wata cutar saiwa ta share gonakinta a tsakiyar Amurka a shekarun 1950, domin kowace ayaba kwafin 'yar uwarta ce. Kakanninmu da ke shuka gero da maiwa da dawa kala-kala, mai saurin nuna da mai jinkiri, ba rashin wayewa ba ne ya sa su. Sun san damina ba ta da alkawari.

Hujja ta uku, abin da ya yi kyau a takarda yana iya gazawa a kasuwa. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun karɓi audugar da aka sauya wa gado a 2008. Ta rage musu feshi, amma zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi, a 2016 suka bar ta. Mu mutanen Alibori, da auduga ke ciyar da gidaje da yawa, bai kamata wannan darasi ya wuce mu ba.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi: wa zai mallaki irin? Shuka na iya haifar kanta, doka kuma ta ce ba ka da ikon sayar wa maƙwabcinka. Benin tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda ke ba mai sabon iri takardar mallaka, kuma tun 2014 ƙungiyar ta shiga yarjejeniyar duniya ta UPOV. Kada a ɗauka wannan labarin nesa ne. Albasa 'yar Galmi, wadda manoman Ader suka tace da hannunsu tsawon zamani, wadda muke nomawa a nan bakin Kwara, an taɓa samun wani kamfanin iri a Senegal da ya nemi a rubuta masa ita a matsayin tasa. Sai da mutanen Nijar suka tashi tsaye kafin ya janye daga sunan. Da sun yi barci, da an sayar musu da abin gidansu.

Mu kuma mun ɗanɗana abin da ake nufi da dogaro da abin da ke zuwa daga nesa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ta rufu, kowa ya ga yadda abin da ake ɗauka tabbas ne ya koma sai da kwalekwale da ƙarin kuɗi. Wanda irinsa ke rumbunsa bai jira buɗe iyaka ba kafin ya yi shuka. A ɗaya ɓangaren kuma, iri ba ya neman fasfo. Tun Disambar 2019 Cibiyar Binciken Noma ta Samaru a Zariya ta fitar da wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa umarnin da ke kare shi daga tsutsar da ke huda kwanso. Tsakaninmu da kasuwannin Kamba da Lolo tafiya kaɗan ce. Ko mun tattauna ko ba mu tattauna ba, sabon iri zai iso tiyar mai awo.

Ra'ayinmu ke nan: wannan ilimi alheri ne idan ya ƙare da iri a rumbun manomi, kuma sarƙa ce idan ya ƙare da manomi a layin shago. Wanne zai zama, ya danganta ga ko akwai mai magana da bakinmu a wurin da ake yanke shawara. Mu Hausawa a nan 'yan tsiraru ne. Tarukan noma da Faransanci ake yi, a fassara da Dandanci, mu kuwa yawanci muna kasuwa. Sai an gama mu ji labari. Don haka muke kawo shawarwari huɗu, dattijo ya ji su ya kuma yarda a yaɗa.

Na ɗaya, duk wanda zai sayar da hatsi a matsayin iri ya faɗi asalinsa. Idan jikan irin leda ne, ya ce na ci ne, ba na shuka ba. Ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne tun kafin a san ibirid, kuma yanzu da muka sani, uzurin jahilci ya ƙare.

Na biyu, kada gida ya saki irin gadonsa don ya samu sabo. A ware ko da kunya goma ce a shuka na da, a zaɓi zangarniya mafi kyau a rataye kamar yadda iyaye ke yi. Mun buɗe littafi a zaure domin rubuta sunayen irin gero, dawa, wake, kuɓewa da barkono da ke hannun jama'armu, da gidan da ke riƙe da kowanne, da kwanakin da yake yi kafin ya nuna. Muna roƙon iyayenmu mata musamman su taimaka, domin irin miya a ƙullin zanensu yake, kuma sun fi mu sanin sunayen. Abin da aka rubuta da suna da wuri, da wuya wani ya zo daga baya ya ce shi ya ƙirƙiro.

Na uku, duk wanda ya kawo mana sabon iri, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin wani shiri, a yi masa tambaya uku cikin ladabi. Idan na ajiye na shuka baɗi, zai fito kamar bana? Ina da ikon ba ɗan uwana ko sayar masa? A wace ƙasa aka gwada shi, damina nawa, kuma cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAB, ta san da shi? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambaya ba. A fara kuma da gefen gona, kada a ba baƙo gona duka a shekarar farko.

Na huɗu, mu tura 'ya'yanmu karatun noma. Akwai tsangayar aikin gona a Jami'ar Paraku, akwai a Abomey-Calavi, akwai a Zariya da Yamai. Mun iya tura yaro Sakkwato ko Kano neman ilimin addini, mun iya koya masa lissafin buhu da canjin sefa da naira. Cikin goma, a bar ɗaya ko ɗaya mace ta koyi abin da ke cikin kwalba, domin ranar da za a zo da takarda a ce mu sa hannu, a samu namu da zai karanta ya ce mana ga abin da ke ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya iya harshen mai gyara kafin a gyara masa daidai.

Maƙwabtan nan biyu sun riga sun zo sun rubuta irin gidajensu a littafi. Na biyun ya kawo wata farar dawa da ya ce daga hannun kakarsa ta fito, ya ce bai taɓa tunanin abin rubutawa ba ce. Muna jiran sauran gidaje, kowace Juma'a bayan la'asar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana irinmu da zumuncinmu. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan rubutu ya gyara mana, ilimi ba ya ƙarewa a zaure ɗaya.